Aikin ciyawa a Kolambas: makonnin da injin bai fita ba tukuna

Ina da ƙaramin kamfanin gyaran ciyawa da lambun gida a Kolambas, babban birnin jihar Ohayo a Amurka. A-kori-kura ce da tirela, da injinan yanka, da yara 'yan kaɗan da nake ƙara wa yawa idan aiki ya kankama. Da hunturu dusar ƙanƙara muke kwashe wa mutane. To da zarar an shiga tsakiyar Maris, rana ta ɗan leƙo, sai waya ta hana ni sakat: kowa so yake a zo gobe a yanke, a zuba taki, gidansa ya riga na maƙwabci yin kore. Rabin aikina a waɗannan makonni lallashin kwastoma ne ya dakata.

Dalili na farko ƙasar ce kanta. Ta wannan yanki yumɓu ce mai riƙe ruwa, kuma bayan ƙanƙara ta narke takan daɗe a jiƙe sharkaf. Idan ka hau ta da injin zama mai nauyi a wannan hali, taya za ta dannne ta, iska ta daina isa ga saiwa, kuma sawun tayar zai zauna har tsakiyar shekara. Abin da nake koya wa yarana shi ne su dumbuzi ƙasa su matse a hannu. In ta dunƙule tana sheƙi, a koma mota. In ta wargaje, a sauke kaya.

Kafin nan akwai aikin gareji. A juye baƙin mai, a canza fulogi da matatar iska, a zubar da fetur ɗin da ya kwana tun bara, domin na nan ƙasar yawanci an gauraya shi da kashi 10 cikin ɗari na etanol, wanda ke jan danshi ya toshe kafireta. Sai wasa wuƙaƙen injin. Dakusasshiyar wuƙa yagar ganye take yi, bayan kwana biyu ka ga kan ciyawar ya yi fari-fari, mai gida ya ɗauka cuta ce.

Fitar farko da manjagara muke yin ta. Muna kwashe rassan da iska ta karya da ganyen da ya manne tun kaka. A ƙarƙashinsu sau da yawa akwai tabo-tabo masu launin toka, wata funfuna ce da ke tsirowa inda dusar ƙanƙara ta daɗe a tare. Ba ta buƙatar magani. A taje wurin a hankali iska ta shiga, yawanci ciyawar za ta farfaɗo. Haka hanyoyin da ƙananan ɓerayen daji ke sheƙawa a ƙarƙashin ƙanƙara, da kansu suke rufewa. Wanda ya fi ba ni wahala shi ne bakin titi, inda gishirin da ake watsawa da hunturu ya ƙone komai.

Sannan babbar magana, wadda a kanta ake gane wanda ya san sana'ar: harƙiya. Ciyawar da masu gida a nan suka fi tsana 'yar gidan su harƙiya da acha ce. Shekara ɗaya take yi ta mutu da sanyin farko, amma kafin ta mutu ta zubar da dubban iri. Irin nan yana kwance har sai zafin saman ƙasa ya kai digiri 55 a ma'aunin Farenhait, kusan 13 ke nan a na Salshiyas, ya tsaya haka kwanaki a jere. Maganin da muke watsawa ba ya kashe wadda ta girma. Shinge yake yi a fatar ƙasa, duk irin da ya fasa ya mutu nan take. Saboda haka sai ya riga ta sauka, amma ba da nisa ba. Ka yi gaggawa, ƙarfinsa ya ƙare kafin bazara ta yi nisa. Ka makara, ka zubar da kuɗin mutum a banza. Kamar manomi ne da shukar ruwan farko.

Ban yarda da kalanda a wannan ba. Wata shekara Afrilu na shiga ƙasa ta ɗumama, wata shekarar sai tsakiyar wata. Ma'aunin zafi nake sokawa inci biyu cikin ƙasa da safe, kuma ina duban fositiya, wani ɗan itace da ake shinge da shi, mai fure rawaya tun kafin ya yi ganye. Idan ta cika da fure, lokaci ya yi. Idan furen ya fara zuba, an kusa makara. Jami'ar Jihar Ohayo, da ke cikin garin nan, tana da shafi a intanet da ke lissafa ɗumin da ya taru a kowace unguwa da abin da zai yi fure ko ƙyanƙyashe a gaba. Ina amfani da shi sosai. Gefen da ke kallon kudu da bakin kwalta kuma sun fi saurin ɗumama, don haka daga can nake farawa.

Matsalar ita ce maganin bai san bambancin irin harƙiya da irin ciyawar kirki ba. Mai gida zai ce a watsa magani, a kuma shuka inda ya yi sanƙo, duk rana ɗaya. Ba ya yiwuwa da maganin da aka saba. Ko dai mu tsallake wurin mu shuka, ko ya haƙura zuwa ƙarshen Agusta da Satumba, wanda shi ne ainihin lokacin shukar feskiyu da ciyawar Kentaki, nau'o'in ciyawar da ake shukawa a gidaje a nan. 'Yan'uwa masu sha'awar shiga harkar nan su sani: watsa magani a gidan wani don kuɗi sai da lasisi daga Ma'aikatar Gona ta jiha, kuma jarrabawa ake zaunawa.

Taki kuwa, ni mai ƙanƙanta shi ne a farkon shekara. Kamfanin Scotts, wanda hedkwatarsa ke Merisbil kusa da mu, buhunansa sun cika shaguna tun Maris, mutane kuma suna ganin yawa shi ne kyau. Takin naitirojin mai yawa da wuri ganye yake tunzurawa, saiwa ta zauna gajera, zafin Yuli ya zo ya same ta ba ƙarfi. Wanda ya zube a kan siminti kuma ruwan sama ne zai kai shi kwata, daga nan sai kogi. Mutanen jihar nan ba su manta Agustan 2014 ba, lokacin da gansakuka mai guba a tafkin Iri ta hana mutum kusan 400,000 a yankin Tolido shan ruwan famfo. Galibin fosfaras, sinadarin takin da ya ciyar da gansakukar, daga gonaki ya fito, amma duk da haka ba na barin gida sai mun share duk ƙwayar takin da ta faɗi a titi ta koma kan ciyawa.

Idan yanka ya fara, inci uku zuwa uku da rabi muke barin tsayi, kuma ba ma cire fiye da kashi ɗaya cikin uku a yanka ɗaya. Doguwar ciyawa tana yi wa ƙasa inuwa, harƙiya kuwa haske take so. Fositiya da lailak, wani ɗan itacen fure, ba ma taɓa su da almakashi sai sun gama fure, domin tohon furen tun bara yake jikin reshe. Niƙaƙƙen ɓawon itace da ake shimfiɗawa a gindin bishiya inci biyu zuwa uku ya isa, kuma kada ya taɓa jikin kututture. Yana ɓata min rai in ga an tula shi tsibi a wuyan bishiya mai shekara goma, domin na san ruɓewa za ta biyo baya. Duk aikin da za a yi haƙa, a fara kiran lambar waya 811, ma'aikata su zo su sa alama a kan bututun gas da waya.

Matan jama'armu su ne ke zuwa da tambayar tumatir da tattasai tun Afrilu: "Malam, rana ta fito, mu dasa?" Nakan ce, Hajiya, latas da albasa da alayyafon Turawa za su iya shiga yanzu. Tumatir ya jira bayan Lahadi ta biyu ga Mayu, ranar iyaye mata a nan, don jaura na iya dawowa dare ɗaya ta ƙone shi. Kuɓewa da yakuwa sai ƙarshen Mayu, idan ƙasa ta yi ɗumi sosai.