Rumbu biyar, jeri ɗaya: yadda muka daidaita fitar da bayanan manoma a Daura

Ƙungiyar manoman da nake riƙe wa lissafi tana da rassa a ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, wato Daura, Mai'adua, Sandamu, Zango da Baure, kuma kowane reshe da nasa rumbun bayanai a Microsoft Access. Asalinsu ɗaya ne. An gina shi a Daura, aka kwafa a filas aka rarraba. Amma da shekaru suka ja, kowa ya yi masa kwaskwarima daidai da buƙatarsa. Zango sun ƙara gurbin laƙabi bayan suna, don a ƙauye guda sai ka sami mutum huɗu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Mai'adua sun cusa sunan mai unguwa kafin lambar waya. Baure kuwa sun canza wa gurbin waya suna gaba ɗaya.

Ba wanda ya damu sai damina ta matso, aka ce a haɗa sunaye don rabon taki. Kowa ya fitar da teburinsa yadda yake, ya turo ta WhatsApp, aka jera su ƙarƙashin juna a Excel. Nan ka ga lambar waya ta zauna a layin girman gona, sunan mai unguwa ya koma lambar asusu. Yaran ofis sukan kwana suna jan layuka da hannu, kuma baɗi a sake.

Da aka danƙa mini aikin, Sakatare ya ce, "Malam, ai jerin Daura daidai yake, ka ɗauke shi ka kai wa sauran mana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, za a ɗauka, amma sai an gyara masa wurin zama tukuna."

Ɗaukar ba wuya. Idan kana fitar da bayanai daga Access zuwa fayil ɗin CSV, wato fayil na zallar rubutu da wata alama ke raba gurabensa, akwai maɓallin Advanced a ƙasan tagar. A ciki ake zaɓar alamar da za ta raba gurabe, da tsarin kwanan wata, da nau'in haruffa, sai ka adana tsarin da suna. Access yana ɓoye shi a wasu tebura biyu, MSysIMEXSpecs da MSysIMEXColumns. In kana son kai shi wani rumbun, sai ka buɗe wancan, ka shigo da kaya daga rumbun farko, ka danna Options, ka sa alama a Import/Export Specs. Mutane da yawa ba su taɓa danna wannan Options ɗin ba, shi ya sa suke sake zana tsari daga farko a kowace kwamfuta.

Sai dai ajiyayyen tsari an yanka shi ne a kan teburin da aka yi shi da shi: adadin gurabensa da jerinsu. In ka ɗora shi a kan teburin Zango mai gurbi ɗaya ƙari, ba zai zauna ba. Don haka na daina fitarwa daga tebur kwata-kwata. A kowane rumbu na gina kuweri, wato umarnin da ke zaƙulo gurabe daga tebur ya jera su yadda kake so, mai suna FitarTaki, mai gurabe goma sha biyu, sunaye iri ɗaya, jeri iri ɗaya. Abin da ke bayanta ne ya bambanta. A Baure na rubuta Waya: LambarGSM, wato ta ɗauko daga gurbinsu amma ta fito da sunan da muka yarda da shi. Inda reshe ba shi da gurbin laƙabi, na sa Lakabi: Null, gurbin ya fito fayau amma yana riƙe da matsayinsa. Sunan mai unguwa na Mai'adua bai shiga ba, yana nan a teburinsu suna amfaninsu. Kuma na hana sa alamar tauraro, wadda ke kwaso duk gurabe, domin ranar da wani ya ƙara gurbi a tebur jerin ya rushe. Da kuweri biyar ɗin suka zama kamanni ɗaya, tsari guda ya hau kansu duka.

(Na rubuta Lakabi da k mara lanƙwasa da gangan. A sunan gurbi ba na sa ƙ ko ɗ ko alamar da ke cikin Mai'adua, suna jawo rigima a umarnin da ake rubuta wa kwamfuta. A cikin bayanan kuwa dole su zauna.)

Wannan ne ya kai ni ga nau'in haruffa. In aka bar shi a na Yammacin Turai, Ɗanladi da Ɓaidu kan fito da alamar tambaya ko su rasa lanƙwasarsu. A tsarin na zaɓi UTF-8, nau'in da ke ɗaukar haruffanmu masu lanƙwasa. Kwanan wata ma na mayar da shi shekara, wata, rana tun daga cikin kuweri, don wasu kwamfutocin a saitin Amurka suke, 03/04 ɗinsu 4 ga Maris ne, namu 3 ga Afrilu.

Inda na fi daɗewa shi ne girman gona. Sunan gurbin ɗaya ne a duk rassan, matsayinsa ɗaya, lambobi ne a ciki, kwamfuta ba ta da ƙorafi. Amma da na tara jimilla sai na ga manoman Sandamu sun fi kowa gona nesa ba kusa ba, alhali na san ƙasar. Na kira yarinyar da ke shigar musu da bayanai, na ce, "'Yata, gonar da kika rubuta 5, biyar ɗin mene ne?"

Ta ce, "Baba, eka mana. Haka manoma ke faɗa."

Sauran rassa da hekta suke rubutawa, kuma hekta ɗaya ta kai eka 2.47. Da an raba buhunan taki masu kilo 50 a kan wannan lissafi, da Sandamu ta kwashi fiye da ninki biyu na rabonta, kuma babu wanda za a ce ya yi ƙarya. Kamar hatsi ne a kasuwa, kowa ya ce tiya goma, amma kowa da tiyarsa. Ban taɓa teburinsu ba, tunda da eka manomansu suka saba. A kuweri ɗinsu kawai na raba da 2.47, kuma na canza wa gurbin fitarwa suna ya koma GonaHekta a ko'ina. Daga nan na bi gurabe sha biyun ɗaya bayan ɗaya ina tambayar kowane reshe me suke zubawa a ciki. A nan na gano Mai'adua suna da 'yan lambobin waya na Nijar masu farawa da 227, abin da ba mamaki ga garin bakin iyaka, sai muka amince kowace lamba ta ƙetare ta zo da lambar ƙasarta.

Saura ɓarnar Excel, wadda ba ruwan Access da ita. In ka danna fayil ɗin CSV sau biyu, Excel yana ɗaukar lambar waya a matsayin adadi, ya cinye sifirin farko. Lambar asusun banki mai lamba 10, in da sifiri ta fara, ta koma 9. Wadda aka rubuta da 234 kuwa, mai lamba 13, sai ta fito da wani E+12 a wutsiya, in kuma aka adana fayil ɗin a haka, ta tafi ke nan. Yanzu a ofishin Daura ba a buɗe waɗannan fayiloli da Excel. Kai tsaye ake shigar da su babban rumbu, inda waya da asusu da lambar NIN duk rubutu ne, ba adadi ba.

A kowane reshe na sa maɓalli ɗaya a fom, yana kiran TransferText, wato umarnin Access na fitar da fayil, da sunan tsarin da sunan kuweri, fayil ya fito da sunan reshen da kwanan wata. Mai shigar da bayanai ba ya ganin tagar zaɓe-zaɓe balle ya taɓa wani abu.

Bana Baure suka nemi a ƙara gurbin irin shuka, gero ko dawa ko wake ko riɗi. Sakatare ya so a sa shi kusa da girman gona don ya fi kyan karatu. Na roƙe shi a sa a ƙarshe, ya zama na sha uku, saboda fayilolin bara su ci gaba da shiga ba tare da an motsa komai ba. Sabon tsarin na sa masa suna Taki2, tsohon yana nan ban goge ba. Rassa huɗu sun karɓa ta waya. Na Mai'adua kwamfutarsu ba ta hawa intanet, sai ran Lahadi Ma'aji ya tafi musu da shi a filas, da ma zai je kasuwa duba raguna.