Yadda na yi renon tsutsar tsamiya a cikin kwalba a Indiya

Lokacin da nake karatun aikin gona a Indiya, malaminmu ya tura ni yankin Bastar na jihar Chhattisgarh, inda tsamiya, wadda suke kira imli, ke ciyar da gidaje da yawa. Aikina shi ne in gano wace tsutsa ce ke huda ta tun tana kan bishiya.

Tsutsa kaɗai ba ta cika gaya maka sunanta ba, sai ka rene ta ta zama faɗa-wuta. Na tsinko tsamiya mai huji na zuba a kwalba, na murɗe murfi gam don kada su tsere. Kafin mako ya zagayo gumi ya lulluɓe kwalbar, tsamiyar ta yi furfura, tsutsotsin duk sun mutu. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin ni na kashe su da hannuna.

A karo na biyu na shimfiɗa takarda a gindin kwalbar, na rufe bakinta da ƙyalle mai shara-shara, na ɗaure da roba. Na kuma koyi zaɓe. Hujin da ka ga ɗanyen kashi ya taru a bakinsa kamar garin katako, to mai gidan yana ciki. Wanda ya bushe fes, tsutsar ta riga ta tafi. Na fasa guda ɗaya don in gani: ga ta nan, ja-ja, ta rarake ƙwallon tana ci. Sauran na hana kaina taɓawa.

Wata safiya na tarar da ɗan faɗa-wuta mai ruwan ƙasa, bai kai faɗin farcen babban yatsa ba, ya lafe a jikin ƙyallen. A kusurwar fiffikensa akwai tabo mai duhu, mai kusurwa 3, alamar tamata ce. Malam ya duba ya ce Cryptophlebia ombrodelta ce, wadda masanin ƙwari Oswald Lower ya fara bayyanawa a 1898. Ana samun ta daga Indiya da Siri Lanka har Ostareliya, tsutsarta kuma tana cin 'ya'yan itatuwan lichi da makadamiya.

A nan na fahimci abin da ya sa feshi ba ya yi wa tsutsar komai da zarar ta shige, ɓawon ne garkuwarta. Shi ya sa na shawarci mai gonar tsamiyar da ya riƙa tsince wadda ta zube a ƙarƙashin bishiya yana binnewa. Washegari tare muka fita da kwando.