Dogo ko bas: wa za a ba tsakiyar hanyar Kasoa?

Daga Kasoa zuwa Tudu da ke tsakiyar Accra kusan kilomita 30 ne, amma mai son isa kasuwar Makola da ƙarfe takwas sai ya bar gida bayan sallar asuba. Lokacinsa na tafiya ne a Old Barrier da Mallam da Kaneshie. Haka na Adenta da Madina, haka na Amasaman. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen yankin Greater Accra sun haura miliyan 5, kuma akasarinsu trotro, wato ƙaramin bas na haya, ke kai su aiki ya dawo da su. Shi ya sa duk inda aka zauna, daga majalisar shayi a Nima har zauren masana, gardamar ɗaya ce: a shimfiɗa dogo, ko a yi bas mai keɓaɓɓiyar hanya, wanda mutanen Legas ke kira BRT.

A ganina an ɗora gardamar a kan taya, ta ƙarfe ko ta roba, alhali asalin maganar fili ce. Jirgin ƙasa yana sauri don babu mai shiga gabansa. Ka ba bas irin wannan gata, shi ma zai yi gudu. Ka hana shi, ya zama trotro mai dogon jiki.

Mu fara da lissafi. Masu tsara sufuri ba sa tambayar mutum nawa ke bin hanya a wuni. Suna tambayar mutum nawa ke wucewa ta wuri mafi cunkoso, a sa'a guda, zuwa ɓangare ɗaya. Trotro na ɗaukar kamar mutum 20. Bas mai tsawon mita 12 na ɗaukar kusan 80, na zaune da na tsaye. Mai gwiwa a tsakiya, mai mita 18, na ɗaukar wajen 150. In irin wannan na wucewa duk bayan daƙiƙa 45, bas 80 ke nan a sa'a, mutum 12,000 a layi ɗaya tak. Kafin trotro ya kwashe wannan adadi sai an jera mota 600. Jirgi mai tarago 6 kuwa na iya ɗaukar kamar mutum 1,500. In yana zuwa duk minti 3, ya kwashe 30,000. Bogota ta ƙasar Kolombiya, wadda ta buɗe nata tsarin bas a 2000, ta haura 35,000 a sa'a, amma da layi biyu kowane ɓangare da tashoshi masu tsawon gaske, abin da ba kowace hanyar Accra ke da faɗinsa ba. Ma'anar wannan ita ce, har zuwa wajen mutum 15,000 a sa'a bas ya wadatar. Daga 25,000 zuwa sama, maganar dogo ta fara nauyi.

Sai kuɗi. Kilomita ɗaya na cikakkiyar hanyar bas yakan ci tsakanin dala miliyan 5 zuwa 20. Dogon da aka ɗora a kan ginshiƙai yakan ninka haka sau da dama, na ƙarƙashin ƙasa kuwa yakan wuce dala miliyan 100. Ghana ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje a Disamban 2022, ta shiga shirin Asusun Lamuni na Duniya a 2023. Ƙasar da ta shiga wannan hali ba ta da hurumin yin alkawarin jirgin ƙasa mai tafiya a kan ginshiƙai. An ma sa hannu a kan irinsa a 2019, har yau ko ginshiƙi ɗaya ba a kafa ba. Legas ta fara aikin layin dogonta mai shuɗin fenti a 2009, ba a ɗauki fasinja ba sai Satumban 2023, kuma kilomita 13 ne kacal daga Marina zuwa Mile 2. Jaririn da aka raɗa wa suna ranar da aka fara tono ya shiga sakandare kafin jirgin ya motsa.

Nan ne mutane kan ce, ai mun gwada bas, ga Aayalolo nan. Wannan magana tana bukatar a tsaya a kanta, domin ita ce ta ɓata wa tsarin suna a Accra. An ƙaddamar da tsarin bas na Aayalolo a 2016 a kan hanyar Amasaman zuwa Tudu, bayan an sayo bas 245 ƙirar Scania. Motocin ba su da laifi. Abin da aka rasa shi ne hanya: keɓaɓɓen layin 'yan guntaye ne nan da can, sauran tafiyar cikin cunkoso ɗaya da kowa. A 2018 har sai da aka ajiye motocin na wani lokaci saboda kuɗin mai ya gagara. Tun kafin nan, shirin da Bankin Duniya ya tallafa wa daga 2007 ya tsara cikakkiyar hanyar bas daga Mallam ta Kaneshie zuwa tsakiyar gari, ba a kai ga gina ta ba.

Ga yadda cunkoso ke karya kamfanin bas. Ɗauki zuwa da dawowa kilomita 60. In bas na yin kilomita 25 a sa'a, zai zagayo cikin kamar minti 150, har da ɗan hutun direba. Don a samu bas duk minti 2, ana bukatar 75. In cunkoso ya mayar da gudun kilomita 12 a sa'a, zagayen ya koma minti 300, sai an zuba bas 150. Direbobi sun ninku, man dizal ya ƙaru, fasinja kuwa ba su ƙaru ba, ƙila ma sun ragu, tunda trotro na tsayawa a ƙofar gidansu kuma ba ya jiran a nuna kati. Ba sai an yi sata ba kamfani zai durƙushe, lissafin kaɗai ya isa.

To mene ne cikakken tsari? Layin ya kasance a tsakiyar titi, ba a gefe ba, domin gefe na masu tasi ne da masu sauke kaya da masu kasa tumatir. Faɗinsa mita 3.5 kowane ɓangare, tasha a tsakiya mai faɗin mita 4 zuwa 5, a raba shi da sauran titi da dakalin kankare. Fenti ba ya hana direban Accra shiga ko'ina, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: in aka bar wa jerin gwanon manya kafa ɗaya, cikin wata guda kowa zai bi. A biya kuɗi a ƙofar tasha kafin a hau, da kati ko da waya. Daben tasha ya yi daidai da na bas, yadda tsohuwa da mai goyo da mai kwandon kaya a ka za su shiga ba tare da hawa matakala ba. Wannan ba ado ba ne. Mutum 40 a ƙofa ɗaya, kowa na ɗaukar daƙiƙa 3 yana laluben canji, minti 2 ke nan. Ƙofofi 4 masu faɗi na kwashe su a ƙasa da daƙiƙa 30. Tashoshi su kasance kamar mita 500 zuwa 800 tsakaninsu. A gaban kowace tasha a zuba kankare maimakon kwalta, don nauyin bas da birki a wuri ɗaya cikin zafinmu na sa kwalta ta lotsa ta yi kwari. A mahaɗa kuma a hana ƙananan motoci yin kwanar da za ta yanke layin, fitilar hanya ta riƙa ba bas fifiko. Darussalam ta Tanzaniya ta bi wannan fasali a 2016, Dakar ta bi a 2024 da bas masu aiki da lantarki.

Abin da ya fi kankare wuya shi ne mutane. Bayan kowane trotro akwai mai mota da direba da yaron mota da mai lodi a tasha, kuma 'ya'yan zango da yawa da wannan suke ciyar da gida. GPRTU, ƙungiyar masu motocin haya ta Ghana, ba ƙungiya ce da za a tsallake ba. Legas da ta buɗe layin bas na Mile 12 zuwa CMS a 2008, sai ta ba ƙungiyar direbobi aikin tafiyar da motocin. Hanyar da ta fi aiki ita ce a mayar da masu trotro na wannan layi masu hannun jari a kamfanin bas, a riƙa biyan kamfanin bisa kilomitan da ya yi a kan lokaci, ba bisa yawan kawunan da ya kwasa ba. Da haka tseren neman fasinja ke mutuwa. Sauran trotro su koma ɗauko mutane daga cikin unguwanni, Gbawe, Weija, Dansoman, zuwa manyan tashoshi, a kuma haɗa kuɗin hawa biyun. In mai zuwa Sabon Zango zai biya sau biyu cikakku, ba zai bar trotronsa ba, kuma da gaskiyarsa.

Ba wai dogo ba shi da wuri ba. Tarago na yin shekara 30 ko fiye, bas kuwa 12 zuwa 15 ya tsufa. Kuma Accra na da abin da birane da yawa ba su da shi: filin dogo da ya riga ya ratsa gari. Layin Nsawam na tashi daga Kantamanto ya bi Achimota da Dome da Pokuase da Amasaman, reshen Tema kuma ya rabu a Achimota ya bi ta Nungua da Sakumono. Matsalolinsa sanannu ne. Layi ɗaya ne, sai wani jirgi ya jira wani ya wuce. Faɗinsa tsohon awo ne, milimita 1,067, alhali sabon layin Tema zuwa Mpakadan da aka buɗe a 2024 milimita 1,435 ne, don haka jirgin wannan ba ya hawa wancan. Rumfuna da gidaje sun matso har bakin ƙarfe, kuma tayar da su na bukatar diyya da wurin komawa. Ga mahaɗar dogo da titi: in jirgi na zuwa duk minti 5 daga kowane ɓangare, shingen zai fi zama a rufe, dole a gina gadoji. Duk da haka, ninka wannan layi da katange shi ya fi sayen sabon fili sauƙi nesa ba kusa ba. A tanadi kuɗin gyara tun ranar farko. Adis Ababa ta buɗe jirginta a 2015, ba a jima ba taragu da dama suka kwanta don rashin kayan gyara, waɗanda da dala ake sayensu alhali fasinja da kuɗin gida yake biya.

Saboda haka rabon da nake gani shi ne: Tema da Nsawam a ba dogo, tunda filinsa na nan. Kasoa da Adenta, inda babu ƙarfe ko taku ɗaya, a ba bas tsakiyar titi, a zana tashoshin a miƙe da isasshen tsawo yadda in adadin ya wuce ƙarfin bas wata rana, za a iya shimfiɗa dogo a wannan fili ba tare da rusa gidan kowa ba. A hanyar Kasoa kuwa aikin farko na magudanar ruwa ne. Kaneshie na cika duk damina, Circle ma haka, kamar yadda ambaliyar daren 3 ga Yunin 2015 ta nuna, kuma layin da ke tsakanin dakali biyu na kankare, in ba a bar masa mafitar ruwa a kowane 'yan mitoci ba, shi zai fara zama kwata.