Yadda na bi sawun kalmar "punainen" har na tarar da gashi

Ja a harshen mutanen Finlan shi ne punainen. Da na zauna neman asalin kalmar, sai na fara da yanke mata wutsiya. Wannan -inen ɗin ɗafi ne mai mayar da suna sifa, shi ne kuma a ƙarshen sininen, wato shuɗi, da keltainen, rawaya. Idan aka cire shi, puna ce ke saura, kuma ita ake nema a ƙamus. Na yi amfani da Suomen sanojen alkuperä, ƙamusun asalin kalmomin harshen Finlan mai juzu'i uku, wanda ya fito tsakanin 1992 da 2000.

Daga nan sai 'yan uwan harshen. A Istoniya suna cewa punane, ma'anar ja ce, don haka ba ta ƙara mini komai ba. Sai da na gangara yankin kogin Bolga a Rasha labari ya sauya: a harshen Erzya ana cewa pona, a harshen Mari ana cewa pun, kuma duk gashi suke nufi, na dabba ko na jiki. A Hangari akwai tsohuwar kalma fan, gashin mara. Kada harafin f ya ruɗe ka, domin p ta farkon kalma a Finlan kan zama f a Hangari, kamar puu da fa, duka biyu itace.

To ina gashi, ina ja? Nan na fi daɗewa. Mafarauci da makiyayi da gashi suke bambance dabba, har kalmar gashi ta koma nufin launinsa, daga baya ta tsaya a kan ja kaɗai. Abin da ya gamsar da ni shi ne, an sake yin haka da wata kalmar. A harshen Finlan karva ma gashi ce, amma verenkarvainen na nufin mai launin jini, a Istoniya kuma tuhakarva shi ne abin da muke kira ruwan toka. Kalmar launi ta yau a Finlan, väri, aro ce daga färg ta Suwidin.

Kuskuren da na yi shi ne haɗa puna da punoa, wato tufka ko kitso, don na ga ana kitsa gashi. Ƙamus ya ware su, kowacce da gidanta, kuma 'yar uwar punoa a Hangari fon ce, ba fan ba. Wasali ɗaya ne ya raba su, ni kuwa na tsallake shi saboda ma'anar ta yi mini daɗi.