Neman Zama Editan Sa Kai a Kundin Shafukan Intanet

Na cike takardar neman zama editan sa kai a Curlie, wato kundin shafukan intanet da mutane ke tsarawa da hannunsu, kuma ina so in rubuta abin da na fahimta game da wannan takarda, domin na lura da yawa daga cikin masu magana a kanta suna ɗaukarta tamkar shingen da aka gitta don a wahalar da mai nema. Ni ban gan ta haka ba. A ganina takardar ita ce aikin editan kansa a taƙaice, kuma duk wanda ya zauna ya cike ta bisa gaskiya ya riga ya ɗanɗana abin da zai riƙa yi idan an karɓe shi.

Ya kamata in fara da bayanin abin da ake nufi da irin wannan kundi, saboda waɗanda suka fara amfani da intanet a 'yan shekarun nan ba su riski zamaninsa ba. Kafin injunan bincike su yi ƙarfi, mai neman wani shafi yakan bi rukunai ne daga babba zuwa ƙarami, ya shiga rukunin kimiyya, daga nan ya gangara zuwa reshen da yake so, har ya iske jerin adireshi, kowanne da sunansa da ɗan bayani a gefe. Da haka Yahoo ya fara a 1994, lokacin da Jerry Yang da David Filo, ɗalibai a Jami'ar Stanford ta Amurka, suka soma tara shafukan da suka ga suna da amfani. Ma'aikata masu albashi ne suka ci gaba da wannan aiki, amma shafukan duniya sun yi ta ƙaruwa fiye da yadda za su iya dubawa, har ta kai kamfanin da ke son a duba shafinsa da wuri sai ya biya dala 299. A watan Yunin 1998 ne Rich Skrenta da Bob Truel suka buɗe wani kundi bisa wata dabara ta dabam, wato a bar masu sa kai daga ko'ina su riƙe rukunin da suka sani. Sun fara kiransa GnuHoo, suka sauya zuwa NewHoo, kafin shekarar ta ƙare kuma kamfanin Netscape ya saye shi ya mayar da shi Open Directory Project, wanda aka fi sani da DMOZ. Daga baya kundin ya koma hannun kamfanin AOL. Google ma ya yi amfani da bayanansa a nasa kundin daga 2000 zuwa 2011, kuma a 2013 shafukan da ke cikin DMOZ sun haura miliyan 5, a rukunai sama da miliyan 1. Yahoo ya rufe nasa kundin a ƙarshen 2014, AOL kuma ya rufe DMOZ a watan Maris na 2017, sai wasu daga cikin editocin suka ƙi barin aikin ya mutu, suka ci gaba da shi da sunan Curlie, tare da yawancin ƙa'idojin da suka saba da su.

Abu na farko da mai nema zai gane shi ne ba a neman zama edita a kundin gaba ɗaya. Mutum yakan je rukunin da yake so ne, ya sami wurin neman zama edita a shafin wannan rukuni, kuma manyan rukunai ba a buɗe suke ga sababbi ba. Shawarar da ake bai wa kowa ita ce ya zaɓi ƙaramin rukuni, wanda shafukansa ba su kai ɗari ba, ya nuna ƙwarewarsa a nan, sannan daga baya ya nemi a faɗaɗa masa. Na zaɓi wani ƙaramin rukuni da ya shafi kiwon ƙudan zuma, saboda fanni ne da na daɗe ina karatu a kansa, kuma ina iya bambance shafin da masani ya rubuta da wanda aka kwafo daga wani wuri aka jera masa tallace-tallace. A takardar, bayan sunan mutum da adireshin imel da sunan da zai riƙa aiki da shi, akwai wurin da zai bayyana abin da ya sani game da fannin, da dalilin da ya sa yake son aikin. Wannan ɓangare ba shi da wuya, muddin mutum ya rubuta shi da kansa cikin jimloli masu tsabta.

Inda aikin yake shi ne wurin kawo misalan shafuka. Ana son mai nema ya kawo adireshi biyu ko uku waɗanda suka dace da rukunin kuma ba a riga an sa su a ciki ba, ya rubuta wa kowanne suna da bayani yadda ƙa'idojin kundin suka tanada. Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ɗauka aikin minti kaɗan ne. Sai mutum ya fara nema zai ga cewa shafin da ya fi burge shi tuni yana cikin kundin, na biyun ya fi dacewa da wani rukuni na kusa, na ukun kuwa shago ne da ke sayar da kayan aiki, wanda wurinsa yana can ɓangaren kasuwanci. Kafin ya sami guda uku da suka zauna daidai, dole ya karanta bayanin iyakokin rukunin, ya leƙa rukunan da ke makwabtaka da shi, ya buɗe kowane shafi ya bi cikinsa don ya tabbatar yana aiki kuma yana da abin da ba a samu a wani wuri. Wannan duka shi ne abin da edita ke yi kullum, kuma masu duba takardar suna iya gane wanda ya yi shi daga wanda ya ɗauko sakamako ukun farko da injin bincike ya ba shi.

Rubuta bayanin ya fi neman shafin koya mini abu. Sunan da za a sa shi ne ainihin sunan da shafin ya ba kansa, ba a rubuta shi duka da manyan baƙaƙe, kuma ba a cusa masa ƙarin kalmomi don jan hankali. Bayanin kuma gajere ne, jimla ɗaya ko biyu, ba ya maimaita sunan, ba ya magana da bakin mai shafin, ba ya yabo. Ba a cewa shafi shi ne mafi kyau, ko yana da duk abin da mai karatu ke buƙata, ko a gaggauta ziyartarsa. Ana faɗin abin da shafin yake, sannan a faɗi abin da mai shiga zai tarar. Idan shafin wata ƙungiyar masu kiwon zuma ne, sai a ce yana ɗauke da bayanin yadda ake kula da amya a lokutan shekara, da hotunan cututtukan da ke kama ƙudan, da jadawalin tarurrukan ƙungiyar, a tsaya a nan. Na ga wuyar wannan salo ne saboda kusan duk rubutun da muke karantawa a intanet game da shafuka da kayayyaki talla ne, har kunnenmu ya saba, mun daina jin cewa talla ne. Da mutum ya cire duk kalmomin yabo, sai ya ga ba abin da ya rage masa face ya san abin da ke cikin shafin da gaske, kuma ba zai sani ba sai ya karanta. Ina ganin wannan ƙa'ida ita ce ta fi kowace daraja a cikin aikin, domin mai karatu da ke duba jerin shafuka ashirin yana buƙatar abin da zai bambanta masa su, kuma idan an yabi kowanne da kalmomi iri ɗaya, babu abin da aka faɗa masa.

Sai tambayar alaƙa, wadda ita ce mutane suka fi jin nauyinta. Ana son mai nema ya lissafa duk shafukan da yake da hannu a cikinsu, nasa ne, ko na wurin aikinsa, ko wanda ya tsara wa wani, ko wanda yake samun wani amfani daga gare shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A shekarun da kundin yake da tasiri a kan yadda injunan bincike ke jera shafuka, samun gurbi a cikinsa abu ne mai kawo kuɗi, don haka wasu sun riƙa neman zama editoci domin kawai su sa nasu shafin, su kuma bar na abokan hamayyarsu a layin jira. An sha yin irin waɗannan zarge-zarge a bainar jama'a, kuma sun taɓa mutuncin aikin. Saboda haka manyan editocin da ke duba takardu suna tsoron bai wa kura ajiyar nama, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ya kamata mai nema ya sani shi ne mallakar shafi ba ta hana a karɓe shi. Mutumin da ya san fanni sosai sau da yawa yana da shafi a wannan fanni, kuma an yarda edita ya sa nasa idan ya cancanta, da sharaɗin ya yi masa irin bayanin da zai yi wa na kowa, kada ya fifita shi. Ɓoye alaƙar ce ke jawo a ƙi mutum, ko a cire shi bayan an karɓe shi. Ni na rubuta cewa ina taimaka wa wani abokina da gyaran rubutun shafinsa, duk da cewa shafin bai shafi rukunin da na nema ba, domin ban ga dalilin da zai sa in yanke wa masu dubawa hukuncin abin da ya kamata su sani ba. Na kuma guji sa wannan shafi ko makamancinsa a cikin misalaina.

Bayan an aika takardar sai jira, kuma a nan ne wasu ke ƙosawa. Masu dubawar su ma masu sa kai ne, ba albashi ake biyansu ba, suna yin aikin ne a lokacin da suka samu, don haka amsa tana iya zuwa da wuri, tana iya ɗaukar lokaci. Dalilan da ake ƙin takarda sanannu ne: rukunin ya yi wa sabon shiga girma, ko misalan ba su dace da shi ba, ko bayanan sun cika da yabo, ko rubutun yana da kurakuran ƙa'idar rubutu, ko an ga alamar mutum ya zo tallata kansa ne. Wanda aka ƙi yana iya gyarawa ya sake nema. Na fahimci zafin da mutum ke ji idan ya miƙa lokacinsa kyauta aka ce masa a'a, amma editan da aka karɓa zai sami ikon ƙarawa da gogewa da sauya bayani a wurin da jama'a ke dogaro da shi, kuma gyara ɓarnar edita ɗaya marar kula yakan ci lokacin editoci da yawa.

Akwai wanda zai tambaya me ya sa mutum zai ɓata lokacinsa a kan kundi a zamanin da injin bincike ke kawo amsa cikin daƙiƙa. Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan ce kundin zai dawo da matsayinsa na da ba. Amma injin bincike yana amsa tambayar da mutum ya riga ya san yadda zai yi ta ne, alhali rukuni da aka tsara da kyau yana nuna wa sabon shiga yadda fannin yake gaba ɗaya, da rassansa, da ƙungiyoyinsa, da ƙananan shafukan da wani masani ya yi shekaru yana rubutawa ba tare da ya iya dabarun hawa saman sakamakon bincike ba. Yanzu da shafukan da na'ura ke haɗawa suke ta yawaita, samun jeri wanda aka san wani ɗan Adam ya buɗe kowane adireshi da ke cikinsa ya karanta abu ne mai amfani. Wannan ya fi muhimmanci ga harsunan da ba su da yawan rubutu a intanet, domin kundin yana da babban sashe na harsunan duniya, inda ake rubuta sunayen rukunai da bayanan shafuka da harshen da shafukan suke, kuma ba wanda zai iya riƙe irin wannan rukuni sai mai jin harshen.

Wani abu da na fahimta daga karanta ƙa'idojin shi ne aikin edita bai tsaya ga duba shafukan da masu su suka turo ba. Waɗancan shawarwari ne kawai, kuma edita yana da 'yancin fita ya nemo shafuka da kansa, wanda sau da yawa shi ya fi kawo masu inganci. Ba a ƙayyade masa yawan aikin da zai yi a mako ba, sai dai a tsarin DMOZ wanda ya yi wata huɗu bai taɓa komai ba akan rufe masa damar shiga, har sai ya nemi a mayar da shi. Tun ina tattara misalaina na riga na ga abin da rukunin da na nema yake buƙata. Akwai adireshin da suka daina aiki, akwai shafin da ya koma hannun wani ya zama wurin talla, akwai kuma bayanan da aka rubuta tun da daɗewa waɗanda ba su yi daidai da abin da ke cikin shafukan yanzu ba. Idan an karɓe ni, da waɗannan zan fara, kafin in ƙara ko da shafi ɗaya sabo.