Inda `int x = 5` yake komawa a baitkod na Java

Mai rubuta `int x = 5;` a saman aji (class) yakan ɗauka cewa 5 ɗin yana nan tun lokacin da aka ƙirƙiri abu (object) daga ajin. Harhaɗa ajin da javac, mai mai da rubutun Java baitkod (umarnin da injin Java ke gudanarwa), ka duba shi da `javap -c`, mai nuna baitkod ɗin, za ka tarar layin ya koma cikin konstrakta, wanda a baitkod ake kira `<init>`.

Injin JVM, mai gudanar da baitkod, da tari (stack) yake aiki, kamar jerin kwanuka: na sama ake fara ɗauka. Umarnin `new` yakan keɓe wuri ya cika kowane gurbi (field, kamar x) da sifili ko null, ya ɗora adireshin abun a kan tari. Sai `dup` ya kwafi adireshin abun, domin `invokespecial`, mai kiran konstrakta, zai cinye kwafi ɗaya. A cikin `<init>` ga abin da ke biyowa:

aload_0
invokespecial Object.<init>
aload_0
iconst_5
putfield x
return

`aload_0` na farko na konstraktan uwar aji ne, wato ajin da aka gada (a nan Object). Na biyun ya ɗora `this`, wato adireshin abun, a kan tari, `iconst_5` ya ɗora 5 a kansa, `putfield` ya sauke su duka biyun ya zuba 5 a gurbin x. Dole adireshi ya kasance a ƙasa, ƙima a sama. In aka juya su, injin zai ƙi ajin da VerifyError. `iconst` daga -1 zuwa 5 kawai yake ɗauka; in lambar 100 ce, `bipush` za ka gani.

Abin lura a nan shi ne `putfield` yana zuwa ne bayan konstraktan uwa ya gama. Idan uwar ta kira wata hanya (method) da ajin da ya gaje ta ya sake rubutawa, hanyar za ta karanta x ta samu 0, gurbin String kuma null, in ta kira wata hanya a kansa sai NullPointerException ya biyo baya. Mafi wuyar ganowa shi ne `int x = 0;` da aka rubuta a fili: duk abin da hanyar ta ajiye a x lokacin, `putfield` zai zo ya shafe shi. Shi ya sa nake ganin bai dace konstrakta ya kira hanyar da za a iya sake rubutawa ba; a mai da ita `private` ko `final`.

javac yana kwafe waɗannan layuka cikin kowane konstrakta da ya kira `super(...)`, banda wanda ya fara da `this(...)`, don kada a zuba ƙima sau biyu. Gurabun `static` kuwa, banda `static final` masu ƙimar da javac ya sani tun lokacin harhaɗawa, `<clinit>` ne ke cika su da `putstatic`, sau ɗaya tak.