Sabuwar rigar iska: inda na kwana kan nauyi da kwanciya a ruwa

’Yan’uwa masu koyon nutso, na ajiye tsohuwar rigar iska (rigar da mai nutso ke hura wa iska ko ya sace don ya daidaita tsayuwarsa a cikin ruwa) mai zagaye jiki, na koma irin wadda jakarta ke bayan mutum haɗe da farantin ƙarfe. Lissafin dalmar da ake ɗaurawa don ƙara nauyi ne ya fara rushewa. Farantin kaɗai ya kai wajen kilo 2.5, ita kuwa tsohuwar riga soson cikinta yana ɗan ɗaga mutum sama. Ke nan sai da dalmar ɗamara ta ragu kafin a zo maganar kwanciya, wato jiki ya miƙe sambal a cikin ruwa.

Gwajin nauyi a ƙarshen nutso nake yin sa, don iska ma nauyi gare ta. Tukunyar iskar shaƙa ta alminiyum mai lita 11, in an ɗura ta zuwa bar 200 (bar ma'aunin matsi ne), iskar cikinta ta haura kilo 2.5. Kafin allurar ma'aunin matsi ta sauko bar 50 an shaƙe kusan kilo 2, tukunyar da ta shiga ruwa tana jan ka ƙasa ta koma tana neman tashi. Wanda ya auna kansa da cikakkiyar tukunya shi za ku gani a mita 5, lokacin tsayawar minti 3 da ake yi kafin a fito saman ruwa, kai ƙasa ƙafa sama, yana ta harba ƙafa kada ruwa ya tofo shi. Ni ga abin da nake nema: bar 50, jaka ba iska, in tsaya a mita 5 ina numfashi kamar kullum.

Kwanciya ce ta fi cin lokaci. Da zarar na daina kaɗa ƙafa, sai ƙafafun su zube, ƙirji ya ɗago. Wasu za su ce a ƙara dalma, ni ban yarda ba. Duk dalmar da ta yi yawa sai an biya ta da iska a jaka, iskar nan kuma ba ta zama wuri ɗaya. A mita 10 matsi ya ninka na saman ruwa, saboda haka daga can zuwa sama girmanta ninkawa yake yi. Sai mutum ya ƙare yana hurawa yana sacewa, hannu bai bar bututu ba. Abin kamar sikelin mai awo ne: nauyin ya isa, gefe ɗaya ne ya rinjaya. Na ɗebe dalma daga ƙugu na sa a ƙananan aljihu kan maɗaurin tukunya na sama, na kuma ɗan ɗaga tukunyar. Ɗagawar tana da iyaka, in ta wuce, bakin tukunya zai riƙa ƙwanƙwasa ƙeya duk sanda aka ɗaga kai. Lanƙwasa gwiwa da miƙa hannu gaba su ma sun taimaka fiye da yadda na zata.

Abu ɗaya nake sauyawa a kowane shiga, in ba haka ba ba za a san wanne ya yi aiki ba. Kuma ku roƙi abokin nutsonku ya ɗauke ku bidiyo, don jiki na iya ce maka ka kwanta sambal alhali a karkace kake.

A saman ruwa, irin wannan jaka in aka cika ta tam tana tura fuska gaba. Rage iska, ka jingina baya. Igiyar da ke bi ta tsakanin cinyoyi kuma a ɗaure ta, ita ke hana kayan hawowa wuya.

Duk wannan a ruwan daɗi na yi. Ruwan teku ya fi shi nauyi da kusan kashi 2.5 cikin 100, don haka mai kilo 90 shi da kayansa zai ƙara dalma kilo 2 da ɗoriya. Gwaji na gaba da rigar roba mai kauri ne, wadda ke ɗaga mutum a sama ta kuma matse a ƙasa. Can ma daga bar 50 zan sake farawa.